Rigunan Nereida a Barandar Mutane

Don Heriberto Cintrón bai taɓa cewa "gidana" ba, sai dai "jarina". Ka tare shi a hanya ka tambaye shi ina zuwa, ya ce zai koma jarinsa ya ci abincin rana. Shekara goma sha ɗaya muna bene ɗaya da shi a Isla Verde, shi a hawa na takwas yana kallon teku, ni a ƙasa ina kallon duro-duron shara, kuma bai bar ni na manta da wannan bambancin ko na yini guda ba.

Ni ce Migdalia mai gyaran gashi. Matarsa Nereida comadre ɗina ce, ni na riƙe 'yarsu Yaritza ranar da aka yi mata baftisma. Don haka duk abin da zan faɗa a kan mutumin nan, da izinina.

Ɗan Utuado ne, can cikin duwatsu. Shekara talatin ya yi yana sayar da taya a Bayamón, bai tara komai ba sai ciwon baya. Da babansa ya rasu ya bar masa gonar kofi, wadda tsohon ya share da adda da hannunsa. A 2005, lokacin da kowane mai aski a tsibirin nan ya zama masanin harkar gidaje, Don Berto, kamar yadda muke kiransa, ya sayar da gonar, ya haɗa da ɗan abin da ke hannunsa, ya zube dala dubu ɗari biyu da casa'in da biyar lakadan ya sayi sashe a benen nan. Shekara na zagayowa wani mai ƙiyasin gidaje ya rubuta masa cewa sashen ya kai dubu ɗari uku da arba'in. Takardar nan gilashi ya sa aka yi mata, ya rataye ta a falo kusa da hoton Yesu. Na duba da idona, ta ɗan fi hoton sama.

Mu masu sassa muka zaɓe shi shugaban kwamitin bene, don babu mai son wahalar. Kai, mun yi wa kanmu! Doka ta farko da ya kafa ita ce ba a shanya a baranda. Ni ce ta farko da ya ci tara, dala hamsin, a kan tawul uku na shagona.

"Doña Migdalia," in ji shi, yana kaɗa takarda, "tawul ɗaya a baranda yana zabge dala dubu daga darajar kowa."

"To in na shanya zanin gado fa, Don Berto? Sai mu kwana a titi?"

Bai yi dariya ba. Na biya, amma na ajiye abin a raina.

Sai duniya ta juya. Masana'antu suka fara rufewa, aka sallami ma'aikata, jama'a suka shiga haɗa akwati. Filin jirgi nan kusa da mu yake, kullum muna jin maƙwabtanmu suna wucewa ta saman kanmu zuwa birnin Orlando, can ƙetaren teku. Yaritza ma ta bi su. Kowa na son sayarwa, babu mai saye. Shi kuma mai ƙiyasi ba ruwansa da tayil ɗinka ko labulenka, abin da yake dubawa shi ne nawa maƙwabcinka ya sayar. Mutum ɗaya ya karyar, kowa ya karye.

Don Berto ya tara mu a bakin kwamin wanka, wanda ruwansa ya riga ya koma kore, ya sa muka ɗaga hannu kamar 'yan firamare. Babu mai sayarwa ƙasa da dubu ɗari biyu da hamsin. Babu mai rataya allon sayarwa a baranda. Duk muka ɗaga, har da Señor Pabón malamin lissafi, wanda bayan wata biyu ya sallama nasa a ɗari da casa'in ya hau jirgi. Don Berto bai sake kiran sunansa ba, sai dai Yahuza maci amana na hawa na biyar.

Waɗanda suka kasa sayarwa suka kulle suka tafi, suna bar wa shugaba makulli ya riƙa leƙa musu famfo. Sassa arba'in da takwas ne a benen, muka wayi gari goma sha bakwai ne kawai ke da rai. In ka tsaya a titi ka ɗaga kai, sai ka ga baranda bayan baranda fayau. Wane mahaukaci ne zai sayi ɗaki a kango?

A nan ne basirar Don Berto ta motsa. Wata Asabar na fito zubar da shara, sai na hangi riga na kaɗawa a barandar hawa na uku, inda na san mutanen suna Tampa tun bara. A na biyar ga siket biyu da kujerar roba. A na shida ga fulawar roba da rigar barci. Tabɗi! Ashe mai dokar hana shanya ne ke bin sassan mutane da makulli yana shanya, don masu wucewa su ga bene cike da jama'a.

"Don Berto," na ce masa, "nawa ne tarar siket biyu? Ina tambaya ne saboda lissafi."

"Wannan dabarar kasuwa ce, ba za ki gane ba."

"Haka ne, mu na ƙasa kanmu ba ya ja."

Na ga kamar na san wasu daga cikin rigunan, amma daga nesa ne, kuma ina da kawuna uku suna jira a shago. Ban bi ta kai ba. Wannan laifina ne, kuma har yau yana cina.

Lifta biyu gare mu. Ta farko ta mutu, aka ciro kayan cikinta aka yi wa ta biyu magani. A watan Maris na 2016 ta biyun ma ta ce ga garinku. Mai gyara ya zo ya faɗi kuɗi, muka kalli juna, mu goma sha bakwai, rabinmu 'yan fansho. Aka manna takarda a ƙofar cewa ana kan gyara, da rubutun Don Berto mai kyau.

Shi ko a jikinsa. Yana da shekara saba'in da ɗaya amma ƙafar ɗan dutse gare shi, yana hawa yana sauka da tarin makullai a ƙugu kamar gandiroba. Nereida ce matsalar. Gwiwoyinta sun daɗe da ƙarewa, ga ciwon suga. Daga gado zuwa kicin ma sai ta huta a hanya. Ranar da liftar ta mutu tana sama, kuma a saman ta zauna.

Wata bakwai. Ku lissafa da kyau. Ba coci, ba kasuwa, ba ta je jana'izar ƙanwarta ba. Ta ɗaura kwando a igiya tana zuro mini, in sa mata burodi mai laushi da pasteles, irin alalarmu ta ayaba da nama, in na yi, ta ja. Shugaba ya hana kwandon ranakun Asabar da Lahadi, wai lokacin masu saye ke zagaye. Duk sati biyu nake hawa in gyara mata kai, ina hawa ina zagin mijinta, kowane hawa da irin zaginsa.

Wata rana ina taje mata gashi ta riƙe hannuna.

"Comadre, ina jin kaina ya fara taɓuwa."

"Kamar ya?"

"Kayana nake nema ba na gani. Rigata ruwan ɗorawa, wadda na sa a bikin Yaritza, na rantse a nan na rataye ta. Berto ya ce tun bara na bayar coci. Ban tuna ba, comadre. Haka mamata ta fara."

Ta yi kuka. Na lallashe ta, na ce tsufa ne kawai, kowa na mantuwa. Ni da na ga riguna a baranda ban haɗa biyu da biyu ba. Jaka kenan.

A watan Agusta aka samu masu saye na gaske, wata ma'aikaciyar jinya da mijinta, matasa masu ƙafa. Suka hau hawa takwas, suka ga teku, suka taya dubu ɗari da talatin. Ina wurin, da almakashi a hannu. Don Berto ya ɗauke su har gaban takardarsa mai gilashi ya nuna musu, kamar mai nuna kabarin waliyyi. Yarinyar ta karanta ta ce, "Don Berto, wannan ta shekara goma ce." Ya buɗe musu ƙofa.

Da suka fita Nereida ta ce a hankali, "Tsoho, da ka karɓa. Ko ɗaki ɗaya ne a ƙasa ya ishe mu."

"Kasuwa za ta dawo, tsohuwa. Ki ƙara haƙuri. Ni da na sa mutane suka ɗaga hannu, ni zan zama Yahuza?"

"Ni dai ƙasa nake so in taka."

"Ga teku kina gani kyauta. Mutane kuɗi suke biya su ga wannan."

Na ajiye almakashin, don ban yarda da hannuna ba.

A Oktoba wani ƙurji a ƙafarta ya ƙi warkewa, likita ya ce a waya lallai a kawo ta. Ƙarti biyu na motar asibiti suka ɗaure ta a kujera suka sauko da ita, suna hutawa a kowane hawa, Don Berto na biye yana roƙonsu su bi ta ƙofar baya kada a gani daga titi. Kwana huɗu ta yi a asibiti. Ranar dawowa da hantsi, motar haya ta ajiye su a ƙofar shagona, na fito mata da kujera ta zauna kafin a nemo masu ɗaukar ta.

Ta cire takalmin ƙafar mai lafiya ta ɗora ta a kan siminti. Ta daɗe a haka. Sannan ta ɗaga kai ta kalli benen, karo na farko daga waje cikin wata bakwai.

Na ga idonta na hawa. Hawa na uku. Na huɗu. Na biyar. A na shida ya tsaya, inda riga ruwan ɗorawa ke kaɗawa a barandar wasu mutane da ke New Jersey.

"Comadre," ta ce, "waccan ba rigata ba ce?"

Sai a lokacin kaina ya buɗe. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

"Taki ce."

"Da siket ɗin can? Da rigar barcin?"

"Duk naki ne."

Ta juya ga mijinta. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Heriberto. Ka ce na bayar coci."

"Tsohuwa, aro ne na yi. Ke da ba fita kike ba, na ga suna zaune ne kawai..."

"Ka bar ni ina tsammanin na haukace."

Ya cire hularsa. 

"Kalle ni," in ji ta, tana nuna sama da sandarta. "Ina zaune a hawa huɗu lokaci guda, ni da na kasa sauka daga ɗaya. To na sauko. Comadre, akwai wuri a ɗakinki?"

"Akwai," na ce. "Sai dai tagar shara take kallo, ba ta kai darajarku ba."

Na faɗa ne don ya ji, kuma ya ji. Na ɗauka zan ji daɗi, shekara goma sha ɗaya ina jiran ranar. Amma da na ga tsohon nan tsaye a rana, hula a hannu, sai abin ya ƙi yi mini daɗi.

"Gonar Baba ce, Nereida," ya ce. "Ita ce a can sama. In na sallama a ɗari da talatin, na zubar da rabin gonar a teku."

"Ka daɗe da zubar da ita. Ni ce ta rage, ka zaɓa."

Na shigar da ita ciki na dafa mata kofi da madara. Shi bai shigo ba. Can sai muka hange shi ta taga a barandar hawa na shida, yana cire rigar daga igiya. Ya sauko na biyar, na huɗu, na uku, yana kwashewa har da kujerun roba da fulawar. Wajen ƙarfe huɗu ya ƙwanƙwasa ƙofata, shi da bai taɓa taka ta ba sai da takardar tara. Ya ninke kayan tsaf ya ajiye mata a cinya. Rana ta cinye su, kowace riga gefe ɗaya ya koɗe ya yi fari.

Washegari ya kira ma'aikaciyar jinyar. Ta ce yanzu ɗari da goma sha takwas za su iya, tunda har yau ba lifta. Ya ce to. Da wannan cinikin nawa sashen ma ya faɗi ƙasa warwas, kuma maƙwabta uku suka daina gaishe shi. Yahuza na hawa na takwas suke ce masa.

Ranar sa hannu a ofishin lauya na gyara mata kai tun da safe. Na fito mata da wata rigata shuɗiya mai kyau, ta ture. Ruwan ɗorawar nan ta sa, gaba da launi, baya fari fat kamar tsumman goge tebur.

"Tsohuwa, mutane za su gani," in ji shi a bakin ƙofa.

"Wata nawa suna ganinta ba ni a ciki," ta ce. "Kama ni mu tafi."

Ya miƙa mata hannu, suka taka a hankali har bakin mota.