Shirun da Ba Ya Cikin Takarda

Rubuta, Sayo, kada ki gyara mini magana. Yadda na faɗa haka za ki sa.

Kinue mai tsinkar tuffa ce a ƙauyenmu, kuma shekara arba'in ita ke busa sarewa a saman keken bikin kaka, wannan ƙaton na katako da maza talatin ke ja da igiya. Ba wanda ya koya mata. Tun tana yarinya take laɓewa bayan rumbun shinkafa tana sauraron busar tsoho Gonta, mai sarewar lokacin, ta koma gona ta yi ta kwaikwayo da guntun gora har leɓenta ya tsage. Ku 'yan yanzu kuna ce wa wannan mimikopi, wai kwafa da kunne. Mu a da sata muke ce masa, ba kuma abin kunya ba ne.

Wata shekara ƙungiyar biki ta ɗauko Malam Obara daga birni. Ya rubuce kiɗan tsaf a takarda, ya koya wa ɗalibansa. Sau ɗaya ya saurari Kinue, ya ce, "Iya, a gaɓa ta uku kina yin shiru inda babu shiru. Numfashi ne ya gaza?"

"Numfashin nan ya raka miji biyu kabari, Malam."

"Ko ki bi takarda, ko ki ba ɗalibaina wurin."

"Takardar taka ta taɓa jan igiya?"

Aka sauke ta.

Ranar biki keke ya iso kwanar shagon tofu, wato awara, inda hanya ke hawa tudu. To, a shirun nan ne masu ja ke sauya ƙafa su karkata igiya. Ba wanda ya taɓa faɗa, ƙafafu ne suka sani. Ɗalibai suka zarce da busa ba tsayawa. Rabin mazan suka ja, rabi suka jira, ƙafar keke ta faɗa kwata. Sau uku ana gwadawa, ko motsi.

Kinue tana bakin hanya da takalmin gonarta. Ta zaro sarewa daga ɗamara.

Shugaban ƙungiya ya ce, "Kinue, an fa hana ki."

"Hawa keke kuka hana ni. Hanya ta ubanka ce?"

Ta busa. A gaɓa ta uku ta yi shiru. Maza talatin suka sauya ƙafa kamar mutum ɗaya, keke ya fito ya sha kwana.

Malam Obara ya matso da alƙalami, fuska ja wur. "Iya, shirun bugu nawa ne? In rubuta."

"Ya danganta da ruwan da aka yi jiya, da giyar da suka sha da safe. Dubi ƙafafunsu, Malam."

Shugaba ya jingina mata tsani. Ta ce ba za ta taka ba sai an kwashe takardun daga sama. Aka kwashe. Ta hau da taɓon gonarta.