Binne a Shekarar Hutu

Jiya da la'asar ruwan fari ya sauka a Dakoro. Yaran unguwa suka tuɓe riguna suka fita suna tsalle, maƙwabciyata tana kwashe shanya tana guɗa kamar an yi mata albishir da jika. Ni kuwa ina tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasar nan ya bugi hancina, sai gabana ya faɗi. Haka nake yi kowace shekara tun ina ƙarama. Kada ka ce ba na son ruwa, mai karatu. Ƴar manomi ce ni, jikar manomi. Sai dai na daɗe da sanin cewa ruwan fari yana tona abin da aka binne a ƙasa.

Garinmu ɗan ƙauye ne a kan hanyar Ɗan Gulbi, kuma gidanmu ne kaɗai gidan Kirista a cikinsa. Kakana, mahaifin babana, shi ya kawo addinin. Yana saurayi ciwon fata ya kai shi kudu neman magani a wani asibitin mishan, ya dawo da lafiyarsa, da yatsu a ɗan dunƙule, da wani littafi mai baƙin bango da yake naɗewa cikin fatar akuya. Ƴan'uwansa Musulmi suka yi fushinsu suka huce. Da layya su aiko mana da nama, da Kirsimeti mu aika musu da tuwo. Ni jikarsa, amarya Kaka yake ce mini cikin wasa, ni kuma in ce masa Allah ya tsare ni da auren tsohon da haƙoransa suka yi ƙaura suka bar shi.

Abin da mutanen gari suka kasa ganewa shi ne sha'aninsa da gona. A tsohon sashen littafin, wanda Kirista suka gada daga Yahudawa, ya karanta cewa ƙasa ma tana da haƙƙin hutu. A nome ta shekara shida, ta bakwai a ƙyale ta, kada fartanya ta taɓa ta. Duk abin da ya tsiro da kansa a wannan shekara na kowa ne, matalauci da baƙo da dabbar gida da ta daji. Kaka ya ɗauki maganar kamar shi aka kira da suna aka faɗa wa. Babban gandunmu da ke kan tudu, in shekararsa ta zo, haka yake barinsa saura. Mu ci daga wani rumbu da yake kira rumbun hutu, wanda kowace kaka yake ƙara wa damma, da kuma ƴar gamanar Inna, wato ɗan filin da ake yanka wa mace ta noma na kanta.

Ba baƙon abu ba ne barin gona ta huta. Kakannin kowa sun yi, lokacin da daji ke da faɗi. Amma a zamanin da na yi wayo ƙasa ta riga ta matse, gona tana taɓa gona, ba mai barin ko taku ɗaya. Shi ya sa tsofaffin gindin bishiya suke tsokanarsa, su ce, "To, bana ma matarka ta tudu jego take?" Ya yi dariya ya ce jego take, su kawo goron barka.

Shekarar da nake son ba ka labarinta ba a yi wannan dariyar ba. Daminar da ta gabace ta, ruwa ya ɗauke daidai lokacin da hatsi ke ɗaukar ciki, ɗan abin da ya tsira kuma fara ta biyo ta kansa. Tun sanyi bai wuce ba aka buɗe rumbun hutu. Kafin bazara ta yi nisa, in Inna ta shiga ɗibar hatsi sai ka ji muryarta tana amsawa daga can ƙasa kamar mai magana a cikin rijiya. Ƙanena, da aka yaye ba da daɗewa ba, gashinsa ya yi ja, cikinsa ya fito, kukansa ma ya daina kaiwa zaure. Shekarar hutu kuma ga ta a bakin ƙofa.

Wata Lahadi bayan addu'a, Baba ya tare Kaka a zaure. Shi ma ya san littafin, har ya fi Kaka saurin karanta shi. Ban taɓa jin ya ɗaga wa mahaifinsa murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

"Baba, littahin nan da kake riƙo, tun shahin hwarko ya ba mutum mulkin ƙasa da abin da ke kanta. Can gaba kuma an nuna don mutum anka yi hutu. In jakinka ya hwaɗa rijiya ran hutu, bari kake sai gobe? To ɗana na cikin rijiya."

Kaka ya daɗe yana shafa fatar akuyar nan. Sannan ya ce, "Da anka sa mutum cikin lambu, aiki biyu anka ba shi, ya noma, ya tsare. Ka ji na hwari ka toshe kunnenka. Ni ba gardama nike da kai ba, tsoro nike ji. An rubuta, ƙasar da anka hana ma hutu za ta kori masu ita, ta yi hutunta bayansu. Duk hutun da anka hana ta sai ta yi shi, ba kowa a kanta."

Ina riƙe da tabarmar da aka aike ni naɗewa. Maganar ta shige ni har ƙashi. Kwana da kwanaki ina ganin gandunmu a raina yana miƙewa yana girgiza, mu kuma muna zubowa kamar kayan da jaki ya gaji da su.

Ba su ƙara tada zancen ba. Da gajimare ya fara taruwa ta gabas yana watsewa, Kaka ya hau jakinsa ya tafi wani taron majami'a a cikin garin Dakoro, zai yi ƴan kwanaki. Ƙurar jakin ba ta kwanta ba Baba ya sauko da damin iri, wanda ko da yunwa ta kai intaha ba a taɓawa, ya ce da Inna ta sussuke.

Ka san binne? Shuka ce da ake yi a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, a bar irin yana kwance yana jira. Mai sungumi yana gaba yana sarar ƙasa dama da hagu, mata da yara suna biye, kowa da ƙoƙon iri, ka jefa ƴan ƙwayoyi a rami ka rufe da diddige. Haka muka yi wa gandun tudu, gidan duka, har Inna da ƙanena a goye. Rairayin yana ƙona tafin ƙafa. Ba waƙa, ba hira, sai ƙarar sungumi, caf, caf. Ko tsuntsu ban ji ya yi kuka ba. Da muka gama, iskar bazara ta taso ta share sawunmu tas. Kaka ya dawo ya wuce ta gefen gonar a kan jakinsa, ya ganta a kwance fara sol kamar yadda ya barta, ya shigo gida yana ba mu labarin taro.

Daga nan kowa a gidanmu ya shiga wani hali. Muna roƙon ruwa, muna tsoronsa. In hadari ya haɗu Inna ta dubi sama, ta dubi ɗakin Kaka, ta sunkuyar da kai. Ruwan kuwa ya zo, mai yawa, da wannan ƙamshin da na ji jiya.

Bayan ƴan kwanaki, da hantsi, Kaka ya ɗauki sandarsa ya ce, "Amarya, taho mu je mu gaida mai jego." Na bi shi. Yana tafe yana lissafa mini abin da za mu tarar: tafasa, yaɗiya, tohon sabara, ƙila har ƙwan zabin daji. Muka hau tudu. Gonar ta yi kore shar, daga nan har inda ido ya tsaya, layi bayan layi, a miƙe.

Ya tsaya, ya jingina da sandar. Can ya ce, a hankali, "Ciyawar Allah ba ta hita a jere." Ya dubi ƙafafuna, ya kau da kai. Bai tambaye ni kome ba, kuma daga ranar bai sake ce mini amarya ba sai da aka daɗe.

Maimakon gida, sai ya nufi rugar Fulanin da suka saba sauka a bayan tudun, ni ina biye. Ya sami ardonsu, tsohon abokinsa, ya ce masa bana shekarar hutu ce, shi bai shuka kome ba, saboda haka abin da ke gonar na kowa ne, ya saki shanu su ci. Ko yaro ya san abin da ke biyo bayan shanu a cikin shuka. Ardo ya dubi koren tudun, ya dubi Kaka, ya ce, "Tsoho, kai ka ba ni da baki, ɗanka zai karɓa da gatari. Ba ni sa bisashena cikin hwaɗan uba da ɗa." Ya sa aka kawo mana nono. Washegari suka kwashe rugar suka yi arewa, ba su sake sauka a wurin ba.

Kaka bai tumɓuke shuka ko ɗaya ba, bai zagi Baba ba. Abin da ya yi ya fi zagi ciwo. Ya ce da Inna ta ware masa tukunya, ba zai ci abin da ya fito daga tudu ba. Ya koma cin tafasa da anza, wannan ɗacin ɗan itacen da sai an jiƙa shi an yi ta sauya masa ruwa kafin ya ciwu. Inna tana ɗan barbaɗa masa garin hatsin gamanarta, wannan kam yana karɓa.

Ga abin da har yau yake ɗaure mini kai. Gandun bai taɓa ba da hatsi irin na wannan shekara ba. Zangarniya kamar damtsen ƙato. Rumbuna suka cika, har da na hutu. Gashin ƙanena ya koma baƙi, ya tashi yana bin kaji da gudu. Gari ya ce Baba ya yi hankali, ni ma a raina na ce haka, kuma ko yanzu ba zan iya cewa ya yi laifi ba. Da wannan hatsin yaron ya rayu. Kaka kaɗai ne yake duban damman nan kamar mai duban hadarin da ya yi ja. Na ji ya ce da Inna, "Ƙasa ba ta ramuwa ranar da anka yi mata." Ya rasu bayan damina biyu, ƙwayar tudu ba ta shiga bakinsa ba.

Gonar ba ta sake hutawa ba. Wace shekara za a zaɓa? Kowace tana zuwa da bakunan da suka fi na bara yawa. Aka sare gawon da ke tsakiya don gindinsa ya ci wuri, aka tone saiwar sabara. Sai wata ƴar ciyawa mai fure ruwan shuni ta fara fitowa a gindin hatsi, kyakkyawa, har muna tsinka muna sawa a gashi. Ƙuduji ne, ciyawar da ke bin gajiyayyiyar ƙasa tana tsotse hatsi tun daga saiwa. Ƙasar ta koɗe, ta koma jan rairayi. Iskar farkon damina takan taso da shi ta yanke shuka, a sake, ta sake yankewa. Ba rana ɗaya aka kore mu ba. Ni aure ya kawo ni gari. Yayyena suka yi Maradi. Ƙanen nan nawa ya yi arewa cikin wata babbar mota, ya kira mu daga Agadas, ya sake kira daga can gaba, daga nan shiru. Da Inna ta rasu na je na ɗauko Baba, muka sa wa ƙofar gidan ƙaya.

Yanzu ƴan furoje, ma'aikatan raya karkara, suna yawo ƙauyuka suna koya wa manoma su bar toho ya girma a gona, su ɗana ma an koya musu a lakwal, wato makarantar boko, yana dawowa yana karanta mini. Ina saurara in ce madalla. Baba yana ɗakin da ke kusa da nawa, idanunsa sun tafi, littafin mai fatar akuya yana ƙarƙashin matashinsa ko da yake ba ya iya ganin baƙi. Bai taɓa ce mini ya yi nadama ba, ni ma ban taɓa neman ya ce ba. Su biyun littafi ɗaya suka buɗe, kowa ya ga gaskiya, gona kuma guda ɗaya ce.

Bara da damina ta yi tsaka na je ƙauye gaisuwar mutuwa, na hau tudun. An yi shekaru ba wanda ya sa masa sungumi. Sabara ta dawo har ƙugu, yaɗiya ta bi ta kanta, na tada zabin daji a daidai inda gawo yake a da. Na juya ko'ina, ba mutum, ba hayaƙin gida. Da na dawo Baba ya ji motsina, ya ce in zauna.

"Kin hau tudu?"

"Na hau, Baba."

"Ya yi kore?"

"Shar."

Ya kai hannu yana laluben ƙarƙashin matashi. "A jere ko a warwatse?"

"A warwatse, Baba."

Ya gyaɗa kai. "To, ta samu hutunta," ya ce. Ya juya fuskarsa bango, ranar bai taɓa tuwonsa ba.