Liƙin Roba da Jan Ƙarfe

Hayaƙin roba ne ya lalata mini ƙirji, kuma an gaya mini tun da sauran lokaci.

Mahaifina gyartai ne a Sundimina, ɗinkin ƙwarya ya koya mini. Da kuɗin fetur suka shigo ƙasa, bokitai da takalman roba suka cika kasuwa, har matan Fulani suka rage kawo ƙwarya. Na ajiye basilla na koma liƙin roba. Ranar kasuwa ina Gwaram, sauran kwanaki ina wata ƙuntatacciyar rumfa a Birnin Kudu.

Ba wanda ya koya mini liƙin. Maƙwabcina maƙeri ne, na ga ba ya dukan ƙarfe sai ya yi ja. Ni ma sai na riƙa barin wuƙata a garwashi har ta yi jawur kafin in ɗora ta a kan tsaga. Robar ta yi baƙi, hayaƙi ya turnuƙe, ni a ganina aiki ya yi kyau. In tari ya taso in sha nono, wai yana wanke ƙirji.

Wata rana wani malamin kimiyya ya dawo da bokitinsa, karo na uku.

Ya ce, "Malam, wannan ƙonawa kake yi, ba liƙi ba."

Na ce, "Kai alli ka sani. Bar ni da wutata."

Ya yi dariya, ya tsuguna, ya jawo zare daga bakin rigarsa. Ya ce daga man fetur ake samun wasu 'yan ƙananan abubuwa da ido ba ya gani, a sa su kama juna ɗaya bayan ɗaya, su zama dogayen zaruruwa a cukurkuɗe. Robar ke nan. Zafi kaɗan yana sa zaruruwan su saki, na wannan gefe su ratsa na wancan, in ta huce ta kama. Zafi mai yawa tsinka su yake yi, kuma abin da ke tashi daga robar takalmi guba ne.

Na gane maganarsa sarai. Amma a gaban maƙeri ya faɗa, kuma sa'an ƙanena ne. Na liƙe masa bokitin da jan ƙarfe yana kallo. Bai sake zuwa ba. Haka na ci gaba shekara da shekaru, har ranar da likita ya ce huhuna ba zai gyaru ba.

Yanzu ina ƙauye, a gidan ɗan wana. Daga ɗakina zuwa masallaci sau biyu nake tsayawa in huta.