Yatsa Huɗu

Shekarar da 'yan bindiga suka hana mu noman gonakin bakin daji, na sayi wata gajeriyar bindiga a hannun maƙeri, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Ni tela ne, ko kurciya ban taɓa harbi ba. Tsoro ne ya sa ni, da haushin kullum sai mun gudu kamar kaji.

Maharban unguwarmu da yatsa suke auna ɗuri: a zura ƙarfen danna albarushi, a jera yatsu a kan abin da ya rage a waje. Na sha jin suna cewa yatsa huɗu ne ɗurin maza. To ni ba namiji ba ne? Na yi huɗu cif.

Da hantsi na bi hanyar Gayam don in gwada ta. Nan na yi kiciɓis da kawuna, tsohon maharbi, yana janye da akuyarsa. Ya karɓi bindigar, ya zura ƙarfen, sai na ga ya ɗaure fuska.

"Huɗun nan na doguwar bindiga ne, ɗan nan. Wannan in ta tashi, da hannunka za ta tafi."

"Kawu, ba ni abata."

Ko kallona bai yi ba. Ya kwance igiyar akuyar, ya ɗaure bindigar a jikin ɗorawa, ya ƙulla zare a kunamarta, ya ja ni bayan wani suri. Raina ya ɓaci ƙwarai, a ganina raini ne.

Na fizgi zaren. Ƙyas! Sai shiru.

Na miƙe zan je in duba, ya damƙo rigata. "Zauna!"

Muka zauna. Na buɗe baki ke nan zan ce ai ba ta kama ba, sai ƙara ta tashi, ƙasa ta zubo mana a ka.

Da hayaƙin ya washe, muka tarar bakin bindigar ya tsage kamar rake. Mariƙinta kuwa, inda tafin hannuna zai kasance, babu shi sam.

Kawu bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi in kwanto masa ragowar igiyarsa. Na durƙusa gaban ƙullin, yatsuna duka suna nan, amma duk kamun da na yi masa sai ya kuɓuce mini. Ya tsaya a kaina yana jira, bai taya ni ba.