Tekun da Na Haɗa wa Baba a Samaru

Shekarun baya, bayan rasuwar mahaifiyata, mahaifina ya daina magana. Ba ciwo ba ne, likita ya duba bai ga komai ba. In an gaishe shi zai amsa, in an kawo tuwo zai taɓa kaɗan, daga nan sai shiru. Har cocin da ya tsufa yana waƙa a ciki ya daina zuwa. Ni ce babbar 'yarsa, ina koyarwa a wata firamare a Samaru, sai na ɗauko shi daga gidansa na Sabon Gari ya dawo wurina.

Da ƙuruciyarsa ya yi aikin jirgin ƙasa a Legas, kuma muna yara ba labarin da yake ba mu da daɗin rai kamar na teku. Sai na ƙudura zan kawo masa teku har falo. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kogin Kubanni girma ba.

Wani mutumin kudu mai sayar da gilashi a unguwar PZ ya haɗa min akwatin kiwon kifi. Ya sa aka aiko min da gishirin teku, da farin yashi, da duwatsu, da ɗan injin da ke juya ruwa. Ya ce kifi sai ruwan ya zauna, in fara da dodon koɗi na teku tukuna. Haka suka iso a motar Legas cikin leda mai ruwa, ƙanana kamar goro.

Da farko Baba ko kallonsu bai yi ba. Wata safiya ina shirin fita na ji muryarsa daga falo.

"Ke, zo ki gani. Wannan ya kife, ya kasa tashi."

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Rabon da in ji magana mai tsawo haka daga bakinsa tun ranar jana'iza. Ya ce in miƙo masa ludayi, ya zura shi a hankali ya juya dodon koɗin. Daga ranar ya ja kujerarsa gaban gilashin. Ya san wanda ke son hawa bango, ya san malalacin da ba ya barin gindin dutse. Har dariya ya yi min da na tambaya ko suna cin dusa.

Sai suka fara mutuwa.

Akwatin sabo ne fes, ba gansakukar da za su ci. Ga zafin bazara, ruwa yana ƙafewa, gishiri yana ƙara ƙarfi. Ga ɗauke wuta, injin ya tsaya wuni guda. Na koma wurin mai gilashi, ya buɗe hannuwa ya ce, "Anti, gaskiya ni gilashi na sani." Na duba waya na bi duk shawarar da na gani. Na riƙa ƙara ruwa marar gishiri, na jefa gorar ƙanƙara a ciki, na sa musu busasshen ganyen teku. In na dawo daga makaranta sai in tarar da Baba da mafici yana fifita ruwan, rigarsa sharkaf da gumi.

In ɗaya ya daɗe bai motsa ba, shi ke ciro shi ya shinshina. Warin mataccen dodon koɗi ba ya ɓuya. Sai ya naɗe shi a takarda ya fita bayan gida, ya dawo ya zauna. Kowace mutuwa tana tafiya da wani abu na maganarsa, ina gani, ba yadda zan yi.

Ranar da na ƙarshe ya mutu, na ce masa zan sa a kawo wasu, yanzu na gane kan abin.

Ya girgiza kai. "A'a, 'yata. Suna zaune lafiya a wurinsu. Kada ki ƙara raba wani da gidansa saboda ni." Sannan ya ce, "Ni ma ki mai da ni Sabon Gari."

Na roƙe shi, na yi kuka, bai sauya ba. Na mai da shi. Duk Asabar nakan je da miya, mu zauna a ƙofar ɗakin Mama, ba mai cewa komai. Maganar ba ta dawo ba. Da damina ta zagayo ya rasu, ya bi matarsa.

Na daɗe ina tambayar kaina ko da ruwan ya zauna, ko da wuta ta tsaya, da zai warke. Yanzu ban yi tsammani ba. Na so in gyara masa zuciya kamar yadda ake gyara famfo, alhali abin da ya rasa ba ya zuwa a mota. Shi ya sa in wani ya tambaye ni abin da zai yi wa wanda aka yi wa rasuwa, ba ni da dabara. Nakan ce ya je ya zauna kusa da shi, kuma kada ya sa rai hakan zai isa.