Hayaƙin Kaskon Ya Kellu

A unguwar Bolori babu amaryar da za a kai ɗakin miji ba a bi ta gidan Ya Kellu ba. Turaren wuta take haɗawa, sana'ar da ta koya wurin kakarta a Yerwa. Ko a shekarun da aka sa dokar hana fita ba ta daina ba, domin mutane ba su fasa aure ba, sai dai biki ya koma da rana.

Wata ranar Laraba wani ɗan jarida Bature ya shigo gidan da tafintansa. Ya same ta tsugune gaban kasko tana gwada sabon haɗi, hayaƙi ya turnuƙe, idanunta na zubar da ruwa. Nan take ya ɗauke ta hoto. Ta shimfiɗa musu tabarma, ta yi ta ba su bayanin kayan haɗin, su gajiji da sandal, da yadda ake jiƙa itace. Da za su tafi ya tambaya ko tana jin tsoro. Ta ce wa ba ya ji, ai maƙwabcinsu ya bi hanyar Damboa bai dawo ba.

Bayan sati biyu ƙaninta Mikail, mai karatu a ƙasar waje, ya ga hotonta a jarida, ya bugo waya yana tambayar ko gidan ne ya ƙone. 'Yarta Rashida ta nemo hoton a waya, ta fassara mata abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa: wata 'yar Afirka tana kuka cikin hayaƙin yaƙi, ta rasa komai.

Mijinta Ba'ana ya ce ashe har da shi a cikin abin da aka rasa, ba a gaya masa ba. Ya Kellu ba ta yi dariya ba. Ta sa Rashida ta karanta labarin har ƙarshe ko an ambaci maƙwabcin, ko sunanta, ko Bolori. Babu ko ɗaya.

"Afirka duka ni ce?" ta ce. "Ni da ko Kano ban taɓa zuwa ba."

Da tafintan ya dawo da wata baƙuwa 'yar jarida, Ya Kellu ta naɗa lafayarta mafi kyau, ta sa gwal, ta zauna kan kujera. Baƙuwar ta sha shayi, ta yaba ƙanshin ɗakin. Daga nan ta tambaya cikin ladabi ko akwai wata a unguwar da abin ya fi shafa.