Yaron da Muke Kira Miyanda

Ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan Babbar Sallah, a shekarar da aka sa ni aji ɗaya, Malam Sale ya jera mu a gindin dalbejiyar firamaren ƙauyenmu, can ƙasar Kiru, yana ɗaukar sunaye. Lallen Sallah bai ko goge a hannuna ba. Na ƙarshe a layin wani siririn yaro ne daga rugar da ta sauka bayan gonakinmu, da 'yar sandarsa a kafaɗa. Malam ya ce, "Yaya sunanka?" Yaron ya dubi ƙasa ya ce, "Mi andaa." Malam kuwa sabon zuwa ne daga birni, ga rana ta take, ga gajiya, sai ya rubuta Miyanda, ya ce a shiga aji. Ashe da Fulatanci yaron cewa ya yi "ban sani ba", don bai gane tambayar ba. Mu ma ba mu san haka ba a lokacin.

Ajin namu kashi uku ne, ko da yake ba wanda ya raba mu. 'Yan gari su ke kan benci a gaba, da takalmansu da fensir mai magogi. Mu da ruwan dam ɗin Tiga ya taso iyayenmu, 'yan dam ake ce mana, a tsakiya muke zama kan buhunan taki, ana yi mana tsiyar ƙarnin kifi. 'Yan ruga kuma suna rakuɓe a bakin ƙofa kamar baƙin da ba a yi wa shimfiɗa ba. In sakamakon jarrabawa ya fito, sai ka rantse da wurin zaman aka auna shi. Ba wai kanmu ya fi na 'yan gari tauri ba. Kafin a kaɗa ƙararrawa na yi sawun rijiya, na share tsakar gida, na kai wa Baba kunu lambu. Lokacin tsinkar tumatir kuwa sai a neme mu a rasa. Innata takan ce, "Mai nema yana tare da samu," ni kuwa in na isa aji ba abin da nake nema sai barci.

Zango biyu a jere Miyanda ne ya zo na ƙarshe. A lokacin, ranar ba da sakamako a fili ake tara makaranta, na ƙarshe kuma a kewaye shi ana tafi ana ce masa wutsiyar aji. Bai taɓa kuka ba. Mun saba da shi ne lokacin hutun ƙarfe tara, ni da dafaffen rogo, shi da ɗan goran nono, mu haɗa mu ci. A nan ya gaya mini da guntuwar Hausarsa, "Baffa ya ce shekara ɗaya. In ba karatu, maruƙa." Wato in shekara ta cika bai iya karatu ba, mahaifinsa zai mayar da shi kiwo. Shi kuma karatun yake so. Maza na can suna langa, mu muna carafke, shi yana tsugune yana zana baƙaƙe a ƙasa da bakin sandarsa, ya shafe da tafin ƙafa, ya sake. Kafin zango na uku ya raba, Hausa ta zauna a bakinsa, har ni da nake dariyar maganarsa na koma leƙen allonsa.

Ranar sakamakon ƙarshen shekara mahaifinsa ya zo da kansa, ya tsaya a gindin dalbejiya da malafarsa. Hedimasta ya kira na ɗaya zuwa na huɗu, duk 'yan benci, kamar kullum. Sannan ya ɗaga murya ya ce, "Na biyar, Miyanda!" Mu masu zaman ƙasa muka ɓarke da ihu, kai ka ce mu muka ci. Dattijon bai motsa ba. Can ya tako, ya gai da malamai a natse, ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ka kira?" Hedimasta ya ce, "Ɗanka mana, Miyanda. Ya yi ƙoƙari ƙwarai." Dattijon ya ce, "Yero ne sunansa. Shekara guda ina aiko muku da shi, ashe Ban-sani-ba kuke kiran sa a gaban jama'a? Wanda bai san sunan yaro ba, me zai koya masa?" Malam Sale ya yi ta ba da haƙuri, ya ce yanzu za a gyara. Dattijon ya ce ba komai, ya kama hannun ɗansa suka fice, yaron yana waiwaye. Ni da muka shekara muna cin rogo tare, ran nan na fara jin sunansa. Bai sake dawowa ba, kuma da kaka ta yi rugar ta tashi, aka ce sun nufi wajen Doguwa.

Yau ni ce malamar aji ɗaya a makarantar. Yara sun ninka na zamaninmu, kafin azahar muryata ta dishe, ƙafafuna sun kumbura. Ɗan gari da ɗan dam sun cakuɗe, ba ka iya rabewa, amma har yanzu sakamako yana bin wanda ya karya kumallo ya kuma samu barci. Na gaji da ganin haka, ban kuwa san maganinsa ba. Abin da na iya kawai, duk sabon yaron da aka kawo, komai ciwon bayana sai na tsuguna na tambaye shi sunansa sau biyu, in ɗan ruga ne in tambaye shi da Fulatancin da na koya wajen mai kawo mana nono. Ranar sakamako kuma, in na zo kan na biyar nakan ɗan dakata, in dubi gindin dalbejiya. Na biyar ya zo, kuma Yero ne sunansa.